Likitan da Ya Rubuta Gobe Tun Yau

An yi wani mutum, likita, yana da ɗan asibiti a cikin unguwa. Ɗaki uku ne da baranda, da benci biyu na masu jira. Shekara ashirin da 'yan kai yana wurin. Yaran da ya yi wa allura suna tsala ihu, su ne suka girma suka riƙa kawo masa nasu 'ya'yan. Ba mugu ba ne, ku riƙe wannan tun yanzu. Hannunsa yana da sauƙi, fuskarsa a sake take.

A ɗakin ƙarshe akwai firiji, inda ake ajiye alluran rigakafin yara. Allurar nan sanyi take so. In zafi ya daɗe a kanta sai ta mutu a cikin kwalba, ta zama ruwa kawai, ido kuwa ba ya gane bambanci. Saboda haka aka sa ma'aunin sanyi a ciki, aka manna takarda a ƙofar firijin mai layi-layi, kowace rana da gurbinta. Doka ce a duba safe da yamma. In lambar tana tsakanin biyu da takwas, a rubuta ta, a rubuta "lafiya", a sa hannu. In ta haura, a kwashe alluran a sanar da hukuma.

Aikin minti ɗaya ne, ya 'yan uwa. Amma rayukan yaran unguwa guda suna rataye a kan minti ɗayan nan.

Firijin ya tsufa. Robar ƙofarsa ta saki, injinsa yana tsayawa da rana. Nas ɗin asibitin, wata dattijuwa mai tsoron Allah, ita ce ke cike takardar. Ta ga goma sha biyu, ta rubuta goma sha biyu. Washegari ta ga sha huɗu, ta rubuta sha huɗu. Ta same shi a ofis ta ce, "Likita, firijin nan fa ya gaji. Gara mu kira hukuma, su kwashe alluran."

Ya ɗaga kai ya dubi bango. A nan aka rataye takardar yabo cikin gilashi, wadda masu duba asibitoci suka ba shi, domin shekara takwas ba su taɓa kama shi da kuskure ba. Yana son takardar nan fiye da yadda ya sani. Ya ce, "Ki bar mini takardar firijin daga yau. Na sa hannu a ciki na ji, da sanyinsa. Ma'aunin ne ya rikice."

Ya cire tata ya yaga, ya manna sabuwa. Da farko kullum yake rubuta huɗu ba tare da ya buɗe ƙofar ba. Daga baya ya ga zuwa safe da yamma ɓata lokaci ne. Sai ya riƙa zama ranar ɗaya ga wata, ya cike watan kaf a zama ɗaya. Huɗu, lafiya, sa hannu. Biyar, lafiya, sa hannu. Har canza biro yake yi don kada a gane. Ya ajiye ta a aljihun tebur, sai ranar da masu duba za su zo ya manna ta da wuri ya naɗe ƙasanta, don kada a ga kwanakin da ba su riga sun zo ba. Kun ji likitan da ya san sanyin firiji na jibi, amma bai san na yau ba.

Masu duba suka zo suka gani, suka yaba suka tafi. Ya dubi nas yana murmushi, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ta sake yi masa magana sau biyu, a na uku ya ce in ta gaji da aiki ta faɗa. Ta yi shiru, kuma har yau tana kukan wannan shirun.

To, likitan nan yana da 'ya ɗaya tilo. Ta daɗe da aure ba ta haihu ba, sai Allah ya ba ta 'ya mace. Kakan ya ɗauki son duniya ya ɗora wa jaririyar. Amaryata yake ce mata. Da ta cika wata tara uwar ta kawo ta rigakafin ƙyanda. Mijin ya so a je babban asibiti, ta ce, "Ina da uba likita zan kai 'yata hannun wani?"

Shi da kansa ya buɗe firijin. Shi ya zaɓi kwalbar, shi ya zuƙo, shi ya soka. Yarinya ta ƙwalla ƙara, ya ce, "Yi haƙuri amaryata, kishiyarki ce ta sa ni." Aka yi dariya. Ta yaya ya iya? Domin mutumin da ya daɗe yana rubuta ƙarya da hannunsa, wata rana shi ne farkon wanda zai gaskata ta.

Bayan wata biyar ƙyanda ta shigo unguwa. Yaran da aka yi wa allura a wasu wurare ta tsallake yawancinsu. Waɗanda aka yi wa a ɗakin nan kuwa ta bi su gida-gida. Ta kama jikarsa, ta sauka mata a ƙirji. Ya yi duk abin da ya sani, ya kai ta gun waɗanda suka fi shi. Ranar sha bakwai ga wata, da hantsi, Allah ya karɓi abarsa.

Amma tun ranar sha biyu jami'an lafiya sun faɗo asibitin ba sanarwa, suna neman dalilin da ya sa yaran wuri ɗaya ke kwanciya. Suka buɗe firiji, ma'auni ya nuna sha biyar. Suka jawo aljihun tebur, suka sami takardar watan a cike har ranar talatin da ɗaya.

Bayan kwana bakwai da rasuwa aka kira iyayen yaran aka nuna musu takardar. 'Yarsa tana cikinsu. Ta bi layin da yatsa har ta kai sha bakwai ga wata. Ga rubutun ubanta, wanda ta sani tun tana ƙarama. Huɗu, lafiya, sa hannu. Ta juyo ta ce, "Baba, ranar da muka binne ta ma lafiya ka rubuta?"

Wa ya kai yatsarta kan wannan layi? Mutum ya zauna ranar ɗaya ga wata yana yi wa kwanakin da Allah bai riga ya kawo ba shaida, bai san ɗaya daga cikinsu ranar jana'izar jikarsa ce ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda gobe take hannunsa shi kaɗai.

Aka rufe asibitin, aka karɓe lasisinsa. 'Yarsa ba ta zage shi ba, amma ba ta ƙara taka gidansa ba. Matarsa ta ce yanzu safe da yamma yana tashi ya buɗe firijin gida, wanda ba komai ciki sai ruwa, ya duba wani ɗan ma'auni da ya sa, ya rubuta abin da ya gani daidai. Ba ya fashi ko na rana ɗaya. Ba kuma mai bukatar takardar.

Ya 'yan uwa, kowannenmu yana da irin takardar nan. Makanike da ya ce ya duba birki, mai gini da ya ce ya auna siminti, malamin da ya sa maki bai karanta ba. Sa hannu shaida ce, shaidar abin da ba ka gani ba kuwa zur ce, ko da a ƙofar firiji aka manna ta. Masu duba na duniya suna zuwa sau ɗaya a shekara, ana iya naɗe musu ƙasan takarda. Marubutan da ke kafaɗunka ba sa rubuta gobe tun yau, ba sa kuma barin yau ta wuce ba su rubuta ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu dangana. Shi ma bawan nan, Allah ya karɓi tubansa. Mu kuma ya hana hannuwanmu shaidar abin da idanunmu ba su gani ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana amanar da aka damƙa mana. Amin.