Baƙon Da Ya Yi Wa Kaza Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wani maigari ne, sunansa Jatau. Ba abin da yake so kamar a ce ya iya karɓar baƙi. Rannan sai ga wani tsohon falke daga ƙasar Indiya, ana ce masa Hiralal. Ko "sannu" ba ya ji da Hausa. A addininsu ba a kashe mai rai, ko tururuwa ce. Jatau kuwa bai san haka ba.

Jatau ya ce baƙo ba ya kwana gidansa ba a yi yanka ba. Aka kamo Kaza, aka wasa wuƙa, aka zo gaban baƙo. Baƙo ya dubi wuƙa, ya dubi Kaza, ya fashe da kuka.

Kunya ta kama Jatau. Ya gaya wa matarsa Tabawa cewa baƙo ya raina kaza. Aka ɗaure Kaza a gindin turmi, aka jawo Rago. Baƙo ya dubi wuƙa, ya dubi Rago, ya ɗora hannu a ka, ya zube ƙasa.

Jatau ya ce ashe rago ma ya yi kaɗan. Aka jawo Sa. Baƙo ya dubi wuƙa, ya dubi Sa, ya ruga ya rungume wuyansa.

Jatau ya ce, "Tabawa, kin ga rungumar nan? Kitse yake aunawa, bai ishe shi ba. A je a zo da Raƙumi, a haɗa su duka a yanka."

Kaza ta ji an ce duka. Dama tana gindin turmi tana kallo da ido ɗaya. Ta ga ƙuda ya faɗa cikin furar baƙo, baƙo ya tsamo shi, yana hura masa iska har ya tashi.

Ta ce wa Jatau, "Ranka ya daɗe, mutumin da ya yi jinyar ƙuda ba nama yake wa kuka ba. Wuƙar ce ba ya so."

Jatau ya ce kowace kaza haka za ta faɗa in ta ga an ɗora ruwan zafi. Kaza ta roƙe shi ya gwada ya gani.

Jatau ya ɓoye wuƙa a baya, baƙo ya yi murmushi. Ya fito da ita, baƙo ya ɓarke da kuka. Ya ɓoye, murmushi. Ya fito da ita, kuka. Abin ya ba Jatau sha'awa, ya yi ta yi, sai da Tabawa ta fizge wuƙar.

Jatau ya samu wuri ya zauna. Ya ce in bai yi yanka ba, gari zai kira shi marowaci.

Kaza ta ce, "In ka yanka mu, yau a cinye, gobe a manta. Ka ba shi mu da ranmu, mu bi ta tsakiyar kasuwa, kowa ya gani."

Jatau ya yarda. Tabawa ta dafa shinkafa da wake, baƙo ya ci har da ƙari. Da safe ya kama hanya, Sa na gaba, Rago na biye, Kaza a kan kaya tana ɗaga wuya. 'Yan kasuwa suka ce ba su taɓa ganin kyauta irin ta Jatau ba.

Sai da rana ta take Raƙumi ya iso yana haki, yana tambayar me ya sa aka kira shi. Tabawa ta ce ba komai, gaisuwa ce kawai. Ya koma gida yana jin daɗi an san girmansa.

Kowane mai rai yana son ransa. In za ku karrama baƙo, ku fara sanin abin da ke sa shi kuka.

Ƙurunƙus, amma yau a bar wa kusu kansa.