Kurege Da Ɓaunar Da Ba Ta Iya Janyewa Ba

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Mai tauna ya haɗiye tukuna.

A wata shekara ta fari, yunwa ta kori Kurege daga raminsa har bayan tashar mota, inda ya laɓe yana kallon direbobi suna buga kartar da ake kira foka. Ko ɓawon gyaɗa bai samu ba, amma ya sato katunan. Ya tsinci tsumma ya naɗa rawani har da amawali, domin gashin bakinsa yakan yi rawa duk sa'ad da ya yi ƙarya, wato kullum. Ya kuma cika buhu da tsakuwa ya ɗaure bakinsa tam.

Da gari ya waye, ya tara manyan dawa a inuwar marke.

"Ni ne Malam Ci-Ka-Tashi," in ji shi, "wanda ya yaye birni daga jahilci. Kowa zai karɓi kati biyar ya ɓoye. Biyu iri ɗaya sun fi warwatse, uku sun fi biyu. Kowa ya zuba abincinsa a tsakiya. In wani ya ƙara, ko ka bi shi a buɗe kati, ko ka janye ka bar abin da ka zuba. Da janyewa ake gane mai hankali."

Wannan jimla ta ƙarshe ya fi nanatawa, don a kanta cikinsa ya dogara.

"Kai me za ka zuba, Malam?" in ji Zaki.

"Kilishi ne buhu guda, ranka ya daɗe."

"To. Wanda ya zuba ƙarya, shi ne abincin rana."

Aka raba. Kurege ya duba hannunsa, ko biyu ba su yi kama ba. Sai ya yi gyatsa irin ta ƙosasshe, ya tura buhun gaba.

"Yaya Kura, ni 'ya'yanki nake tausayi."

Kura tana riƙe da katunan sarki uku, amma duk da haka ta janye. Zaki kuwa ba zai yarda Kura ta fi shi hankali ba, shi ma ya janye. Haka manyan nan suka wuni suna gasar hankali, Kurege yana kwashe cinyoyin barewa.

Da gari ya waye, sai ga tsohuwar Ɓauna ta zo da ƙwaryar wake. Ba ta halarci karatun jiya ba, kuma kunnenta ɗaya ya daɗe da yin murabus. Kurege ya sake samun warwatse, ya sake yin gyatsa.

"Na ƙara!"

"Na bi," in ji Ɓauna.

"Gwaggo, ana janyewa fa."

"In janye in je ina? Ai nan ne inuwa."

Gumi ya fara jiƙa amawali. Kurege ya tura buhun duka.

"Gwaggo, abin da ke hannuna ya taɓa sa Giwa kuka!"

"Allah sarki, baiwar Allah. Na bi, ɗan nan."

Aka buɗe. Ɓauna tana da biyu iri ɗaya, mafi ƙanƙanta a cikin katunan, ɗayan ma ta tauna gefensa. Ta sa ƙaho ta farke buhu don ta ɗanɗana kilishin da ta ci, sai tsakuwa ta zubo.

Zaki ya kai mari, Kura ta cafki wutsiya, Kurege ya bar mata gashi cike da baki ya faɗa rami yana ɗingishi. Da ya tabbata hannun Zaki bai isa ƙasa ba, sai ya ɗaga murya:

"Kuskurena ɗaya, na zauna da jahila! Burga sai da masu ilimi, ranka ya daɗe, shi ya sa ta ci ku!"

Nan ta ƙare. Ku tashi, kada in ji ana raba kati a gidan nan.