Addu'ar da Ta Raba Kafinta da Ƙanensa

An yi wani mutum, kafinta, gwani a sana'arsa. Al'amarinsa ya soma ne a shekarar da ikilisiya ta ba shi aikin sababbin kujeru da mumbari. Aiki ya yi kyau, jama'a suka yaba, yabon kuwa ya shige masa kai.

Mutumin nan ba ya zagi, ba ya maye, ba ya fashin sujada. Ta wace ƙofa girman kai zai shiga irin wannan zuciyar? Ya 'yan'uwa, ta ƙofar taron addu'a ya shiga.

Yana da ƙane mai shiru-shiru, wanda suke aiki tare a shago ɗaya. Duk ranar Laraba, in an nemi masu bukatar addu'a, sai kafintan ya miƙe, ya gyara riga, ya ce a taya shi godiya domin hannunsa da Allah ya sa wa albarka. Daga nan sai ya sassauta murya ya ce, “Ku kuma tuna da ƙanena. Allah ya ba shi ko da rabin basirata, gama ba don ni ba, ko akwatin gawar ɓera ba zai iya haɗawa ba.” Mutane su yi 'yar dariya, su ce amin. A ganinsa ƙauna yake nunawa. Bai taɓa waiwayawa ya dubi fuskar ƙanen ba.

Cikin masu cewa amin akwai wani dattijo, wanda ƙanen ke neman auren 'yarsa. Ya ji wannan addu'a har ya gaskata ta. Wane uba ne zai ba da 'yarsa ga wanda yayansa ya shaida a gaban Allah cewa ba ya iya riƙe kansa? Dattijon ya aika a ba saurayin haƙuri.

Ƙanen bai ɗaga murya ba. Ya tattara gudumarsa da zartonsa, ya bar shagon, ya daina zuwa sujada. Da matar kafintan ta roƙe shi ya je ya nemo ɗan'uwansa, sai ya ce yunwa za ta dawo da shi.

Aiki ya yi masa yawa, amma ya ƙi ɗaukar mataimaki, tun da ya riga ya faɗa wa duniya cewa shi kaɗai ke yin komai. Wata safiya, yana gaggawa da gajiya a jika, injin yanka katako ya raba shi da yatsun damarsa. Aka rufe shago.

A asibiti, wanda ya zo da kwanon abinci ya zauna a bakin gado, ƙanen nan ne. Kafin ya ba shi a baki, ya sunkuyar da kai ya ce, “Ubangiji, ga yayana, ka warkar da shi. Amin.” Kafintan ya yi ta jiran sauran addu'ar, inda za a ambaci laifinsa, amma iyakarta ke nan. Da ƙyar ya tambayi labarin 'yar dattijon. Ƙanen ya ce ta auri wani, ya miƙa masa cokali.

Ya 'yan'uwa, yatsun ba su dawo ba, auren ma bai dawo ba. Maganar girman kai tana ɓarna ko da an rufe ta da amin. Duk da haka mu gode wa Allah, wanda bai bar bawansa ya mutu cikin yabon kai ba, ya kuma aiko masa da jinƙai ta hannun wanda ya cuta. Kafintan da kansa yakan ce bai san godiya ba sai a kan gadon nan.

Ranar da aka sallame shi, ya ce wa matarsa, “Ranar Laraba zan tsaya gaban ikilisiya in ce ƙarya na yi wa ƙanena.”

Allah ya kiyaye harsunanmu, har a lokacin da muke durƙushe a gabansa. Amin.