Zomo Mai Tsere da Surukansa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!
Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Aka yi shelar tseren dogon zango a daji, wanda ya zo na ɗaya a ba shi gonar gyaɗa. Zomo bai taɓa gudu ba sai in kare ya biyo shi, amma ya ɗaura ɗamara. Kullum da sassafe yana atisaye, har ƙafafunsa suka yi kanta.

Rannan ya wuce surukinsa Bushiya a guje, ya ɗaga masa hannu kawai. Bushiya ya aiko: "Ni sa'ansa ne? A dawo mini da 'yata!" Zomo ya je ya ba da haƙuri, ya rantse ba zai ƙara wuce babba a tsaye ba.

Ranar tsere, dangin matarsa kaf suka jeru bakin hanya don su ƙarfafa masa gwiwa. Zomo na kan gaba sai ya hango Bushiya. Ya ci birki, ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Yaya gudun? To, ka gaida kawunku, ga shi can gaba."

Daga kawu sai gwaggo, daga gwaggo sai kaka, mai tambayar lafiyar kowa da sunansa.

Biri, wanda ko ubansa ba ya gaisarwa, shi ya ci gonar. Zomo ya iso ana naɗe tabarmi.

Bushiya ya girgiza kai ya ce, "Duk atisayen nan? Kai, yaran yanzu ba su da zuciya."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta kai gida.