Igiyar Kambas ɗin Malam Mijinyawa

Akwai wani dattijo a Makarfi, Malam Mijinyawa, malamin gona ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin gonakin Kudan da na Ikara. Ranar da ya ajiye aiki aka yi walima, aka watse. Washegari ya shirya tsaf ya fito zaure, sai ya tuna babu mai jiransa a ko'ina.

Zama ya gundure shi. Da ya ji matasa sun shirya gudun famfalaki daga Ikara zuwa Makarfi, sai ya sayo takalmin kambas mai igiya ya fara atisaye.

Matarsa Lantana ta riƙe baki. "Malam, da furfurarka? Ai sai a ce wani abu ne ya biyo ka!"

Haka kuwa aka yi. Ranar farko har da masu fitowa da sanduna suna tambayar ina ɓarawon.

To, hanyar da yake bi ta gonakin rake, ta ƙofar gidan Alhaji Ɗayyabu take wucewa, mutumin da ya koya masa aiki tun yana sabon ɗauka. Ɓarin jikin Alhaji ya shanye. Kowace safiya maƙwabta kan fito da shi su zaunar a tabarma kafin su wuce gona.

Mijinyawa sai ya ɗaga hannu, "Sannu Yaya!" ya yi gaba.

Ya sani sarai ba haka ake gaida babba ba, balle marar lafiya. Tuɓe takalmi ake yi, a durƙusa, a tambayi kwana, a tambayi jiki da iyali. Amma kafin ya kwance igiyar nan ya sake ɗaurewa, zafin gudunsa ya huce. Kullum sai ya ce wa ransa, bari dai a gama gasar.

Aka yi gasa, ya kai ƙarshe yana jan ƙafa. Matasa suka ɗaga shi sama, aka rataya masa lambar yabo, hotonsa ya zaga wayoyi. Bayan 'yan kwanaki kowa ya koma harkarsa.

Jama'a, gajiyar da ta sauko wa bawan Allahn nan ba ta ƙafa ba ce. Ya wuni kwance yana kallon lambar a jikin ƙusa. Gidan Alhaji kuwa kunya ta hana shi zuwa, don an daɗe.

Wata rana da hantsi Hajiya Hindu, matar Alhaji, ta yi sallama. Bayan sun gaisa da Lantana ta ɗaga murya yadda zai ji daga ɗaki.

"Malam Mijinyawa, ba roƙo ya kawo ni ba. Yayanka ya daina fitowa. Likita ya ce in bai riƙa taka ƙafar nan ba, ta tafi ke nan. Da kana wucewa cewa yake, in Mijinyawa na gudu da furfura, shi ma sai ya kai masallaci da ƙafarsa. Jira yake ka tsaya ka kama shi, yaran duk suna Zariya. Kai kuwa sai ɗaga hannu kamar direban haya."

Wallahi Mijinyawa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da la'asar ya tafi. Ya tuɓe silifas tun daga zaure, ya durƙusa gaban gado. Alhaji ya juya fuska bango.

"Wane ne? Mai gudu? Yau ba ka sauri?"

"Ba na sauri, Yaya. Ka yafe mini. Yaya jiki?"

Da ƙyar Alhaji ya juyo ya amsa masa.

Washegari suka fara gwada tafiya. Mijinyawa ya sa kafaɗarsa a hammatar Alhaji ya ɗaga shi, amma silifas ya ƙi zama a ƙafar da ta shanye, taku ɗaya sai ya sulluɓe. Mijinyawa ya koma gida ya ɗauko kambas ɗinsa, ya durƙusa ya ɗaura masa.

An sha wuya. Wata rana su kai zaure, wata rana Alhaji ya zube ya ce a ƙyale shi ya mutu a ɗakinsa. Mijinyawa kan dawo gida kafaɗa na zogi, Lantana na gasa masa tana tsiya: "To, wannan gudun wa zai ba ka lamba?" Amma ta lura ya daina kallon ƙusar nan.

Har aka sare rake suna abu ɗaya. Ran nan da azahar, sai ga su a ƙofar masallacin unguwa, Alhaji na haki, jama'a na ta kabbara.

Mijinyawa ya durƙusa yana kwance masa igiya a hankali, idonsa ya cika da hawaye har bai ga ƙullin ba.

Alhaji ya dungure masa kai da hannunsa mai lafiya. "Kai, yi sauri mana! Za a tayar da salla."

Darasi: Ajiye aiki ba shi ne ƙarshen amfaninka ba. Ƙarfin da Allah ya bar maka, akwai wanda yake jiransa a hanyar da kake bi kullum. Ka tsaya ka gaishe shi yadda ya kamata. Ku tura wa iyayenmu da suka ajiye aiki, da duk mai saurin da ba ya tsayawa gaisuwa.