Shanun Hawwa'u a Gonar Kabo

Akwai wani ma'aunin hatsi a kasuwar Kankiya, zamanin Turawa, sunansa Kabo. Bakinsa zuma, amma ya shafe gindin mudunsa da ƙaro, awonsa bai taɓa cika ba.

Wadda ya fi cuta ita ce Hawwa'u, mai tallar nono daga Yashe, da ke sayen gero a wurinsa. In ta yi ƙorafi sai ya daka mata tsawa, ya ce me mutanen daji suka sani game da awo.

Ranar da asirinsa ya tonu, Alƙali ya yanke masa ya mayar mata da damman gero da kaka, in ya kasa kuwa sai gidan yari.

Kafin kaka, fara ta sauka a gonarsa ta ƙauyen Boko, ta yi mata ƙarƙaf. Abin da ya tsira bai wuce iri ba. In ya ba da shi, iyalinsa ba su da shukar baɗi.

Haka ya koma gaban Alƙali.

"Allah gafarta Malam, a sassauta mani. Irin shuka kaɗai ya rage."

"Haƙƙin ba nawa ba ne," in ji Alƙali. "Sai abin da mai shi ta ce."

Aka aika aka kira Hawwa'u. Kabo mai tsawa ya durƙusa gabanta, kunya ta hana shi ɗaga ido. Ni dai da a ce ta nemi a ɗaure shi, da ban ga laifinta ba.

Ta dube shi ta ce, "Malam, ni ma ina da ɗiya, na san kukan yunwa. Shi riƙe irinshi. A madadin geron, shanunmu su sauka gonarshi da rani, su ci karan da fara ta bari."

Kowa ya san manoma roƙo suke yi, har da kyautar hatsi, kafin makiyayi ya sauke garke ya zuba musu taki. Abin da ta kira biya, taimako ne ta yi masa.

Alƙali ya amince. Kabo ya buɗe baki zai yi godiya, sai kuka ya ƙwace masa a gaban jama'a.

Darasi: Kada ka cuci wanda ka raina, wata rana rufin asirinka a bakinsa yake. In kuma haƙƙi naka ne, ka sassauta wa wanda ya gaza. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.