Luguden Goggo Tabawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, ana ce masa Tanimu, makaɗin fiyano. Na ga wasunku sun fara tsuke fuska, wai Malam ya kawo zancen kiɗa. Ku yi haƙuri. Ba kiɗan nake so ku ɗauka ba, halin mutumin.

Fiyano dai babban akwati ne mai haƙora farare da baƙaƙe, ana danna su da yatsu. Tanimu ya koya tun yana makaranta, ya ƙware, har ya bar gida ya tafi wata ƙasa mai nisa, mai sanyi, inda ake girmama sana'ar. Ya sha wuya. Da safe wankin kwanuka a gidan abinci, da yamma tsara kiɗa. Matarsa Ladingo tana gida tana jira, don a can baƙo ba ya kawo iyali sai ya samu tsayayyen aiki.

Sai aka buɗe gasa. Wanda ya ci, shi zai zama mai tsara kiɗa na babban zauren birnin. Sharaɗi ɗaya ne: kiɗan ya zama naka, daga farko har ƙarshe.

Tanimu ya kai zagayen ƙarshe. To, ku saurara. A garinsu makaɗi ba ya fara kiɗa sai ya ambaci wanda ya samo abin a wurinsa. Shi kuwa wannan kiɗa, tushensa ba nasa ba ne. Wata tsohuwa ce a unguwarsu, Goggo Tabawa, mai dakau. In mata suna lugude, ita ke ba da waƙa. Waƙar ya ɗauko, ya shimfiɗa, ya ƙawata. Ta daɗe da rasuwa. Wa ya san ta a can? Babu kowa.

Ranar zagayen ƙarshe, kafin ya zauna gaban fiyano, ya fuskanci jama'a ya ce, "Asalin wannan kiɗa na Goggo Tabawa ne. Allah ya jiƙanta."

Da ya gama, zaure ya kaure da tafi don daɗi. Shugabar alƙalan gasar, wata dattijuwa mai son aikinsa, ta ja shi gefe.

"Ka gyara maganar nan," in ji ta. "Ka ce tunawa kawai ka yi da ita. Ba mai bincike."

"Ranki ya daɗe, ta rasu. Ba ta da bakin cewa nata ne. In ni ban faɗa ba, wa zai faɗa?"

"Za ka rasa aikin fa."

"Na sani."

Ya kuwa rasa. Kada ku zata zan ce washegari arziki ya sauko. Bai sauko ba. Ladingo ta yi kuka, ta yi fushi, kuma ban ga laifinta ba. Ya koma koyarwa da gyaran fiyanon mutane, sai da furfura ta fito musu su biyu kafin ta iso wurinsa. Amma kiɗan ya bazu, ana kaɗa shi da sunan mai dakau. Da yawa sun san Tabawa, ba su san Tanimu ba, kuma bai taɓa damuwa ba.

'Yan'uwa, amana ba ta mutuwa don mai ita ya mutu. Kai tela, wa ya fara ɗora hannunka a kan keke? Ke mai tuwo-tuwo, miyar da ake yabo, ta wace ce? Ni ma da nake zaune nan, wani ya karantar da ni. Yau in an yabe ka, ka ambaci mai shi, ko da yana kabari, ko da ambaton zai rage maka wani abu.